Jikin maigidana ya warke, ƙwaƙwalwarsa ba ta dawo ba. Wace ƙofa zan ƙwanƙwasa?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Yau wata goma sha huɗu ke nan da maigidana ya yi hatsarin mota, kansa ya bugu. Kwana tara ya yi bai san inda kansa yake ba, sannan Allah Ya tashi kafaɗunsa. Duk wanda ya gan shi yanzu zai rantse lafiyarsa ƙalau, yana tafiya da ƙafarsa, yana gaisawa da mutane, yana hira. Ni da nake kwana da shi nake tashi da shi, ni na san ba mutumin da ya fita ran nan aka dawo mini da shi ba.

Shekararsa 46. Da can ko yara bai cika ɗaga wa murya ba, yanzu abu kaɗan sai faɗa, bayan minti goma kuma ya manta an yi. Ya kunna murhu ya bar shi. Ya cire kuɗi daga asusu bai san inda ya kai su ba. Wurin aikinsa sun yi haƙuri wata biyar, daga nan suka sallame shi. Ni ma na rage nawa aikin saboda ba dama a bar shi shi kaɗai. Yaranmu uku. Rabon da in yi barcin da ya wuce awa huɗu har na manta.

Na kai shi ofishin da ke kula da masu buƙata ta musamman, ma'aikacin ya dube shi sama da ƙasa ya ce bai ga abin da ya same shi ba. Da kuka na fito. Shin akwai wani tallafi na hukuma ga babba irinsa? Ta ina ake farawa? Sannan, kunyar faɗa nake ji, amma laifi ne idan na ce ina son in huta ko da kwana biyu ne?

Wata uwa:

Wa alaikumus salam 'yata. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa: ba laifi ba ne, ko kaɗan. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya.

Ma'aikaciyar jinya:

'Yar'uwa, shekaru na yi a ɗakin masu rauni a ka, kuma abin da kika lissafa sananne ne a wurinmu. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ke riƙe da linzamin hali: haɗiye fushi, tsara abin da za a yi, tuna cewa an fara abu ba a gama ba. Shi ne kuma ya fi yawan buguwa a hatsarin mota. Tun a 1848 likitoci suka rubuta labarin Phineas Gage, wani ma'aikacin layin dogo a Amurka da sandar ƙarfe ta huda masa gaban kai. Ya rayu, yana tafiya yana magana, amma waɗanda suka san shi suka ga halinsa ya canza. Na kawo wannan ne don ki daina zargin kanki, ki daina zarginsa. Faɗan nan rauni ne da ido ba ya gani.

Kuskuren da aka yi, an tura ki ofis hannu rabbana. Ma'aikacin ofis da takarda yake aiki, in babu ita sai ya yi hukunci da abin da idonsa ya gani. Ki koma asibitin da aka yi jinyarsa ki nemi takardar sallama da sakamakon hoton kansa. Sai ki roƙi a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ki ce kina son a yi masa gwajin aikin ƙwaƙwalwa. Masanin halayyar ɗan Adam ne yake yi, yakan ɗauki awanni, ana auna riƙon abu a ka, da natsuwa, da iya yanke shawara. Hoton kai yana iya fitowa kamar ba komai alhali gwajin nan ya nuna matsala ƙarara. Rahoton da za a rubuta shi za ki riƙa ɗauka duk inda za ki.

Kuma warkarwa ba ta tsaya ga gashin ƙashi ba. Akwai masu koya wa majinyaci ayyukan yau da kullum, yadda zai yi amfani da littafin tuni da ƙararrawar waya, yadda za a gyara gida ya rage haɗari. Akwai masu gyaran magana, su ma suna aiki a kan tunani da riƙon abu. Ki kuma sa ido: in kin ga yana ƙura wa wuri ɗaya ido ba ya amsawa, ko jikinsa na fizga, ki gaya wa likita da wuri, don farfaɗiya tana iya biyo bayan rauni a ka ko bayan watanni. Tuƙi kuwa a dakatar sai likita ya yarda.

Mai neman shawara:

Na gode Anti. Matsalar ita ce shi bai yarda akwai abin da ke damunsa ba. Ina ambaton asibiti sai ya ce ni ce nake son mayar da shi mahaukaci.

Ma'aikaciyar jinya:

Wannan ma cikin raunin yake. Sashen da zai gane cewa an samu matsala shi ne ya taɓu. Kada ki ja musu da shi. Ki ce masa lokacin komawa duba kan ya yi, wanda kuma gaskiya ne. Abin da ba ki son faɗa a gabansa ki rubuta ki miƙa wa likita kafin ku shiga.

Ma'aikacin walwalar jama'a:

Hajiya, Allah Ya ƙara haƙuri. Tunda ba ki faɗi ƙasar da kuke ba, zan ba ki abin da zai yi miki amfani ko'ina ne.

A Disambar 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin masu naƙasa, ƙasashe sama da 180 sun shiga cikinta. Ba ta taƙaita naƙasa ga gurgu da makaho ba, ta haɗa da tawayar tunani da ta ƙwaƙwalwa mai ɗorewa. Sashe na 28 ya ambaci taimakon hukuma ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi, har da horo, da shawara, da kuɗi, da ba mai jinya hutu. Hutun da kike jin kunyar nema, da sunansa aka rubuta shi.

Yadda ake aiwatarwa ya bambanta sosai. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 1984 domin manya masu tawayar ƙwaƙwalwa da iyalansu, ta kafa cibiyoyi 11, kuma mai jinyar ce suke karɓa a matsayin mai buƙata. A Ingila dokar kulawa ta 2014 ta ba mai jinya haƙƙin a tantance tata buƙatar daban da ta majinyaci. Jamus ta fara inshorar kulawa ta dogon lokaci a 1995, Jafan a 2000. Wasu ƙasashen kuwa katin shaidar naƙasa ne kawai da ɗan rangwame a asibiti.

Duk inda kike, ki nemi abu da sunansa. In kin ce a taimake ni, sai a tausaya miki a sallame ki. Ki ce: ina son a yi masa rajistar mai naƙasa, ina son a tantance buƙatunsa da nawa, akwai alawus, akwai mai zuwa gida ya taya kulawa, akwai cibiyar da yake iya wuni? Tunda yana aiki lokacin da abin ya faru, ki bincika fanshon rashin lafiya da inshorar wurin aikinsa da ta motar, kuma ki hanzarta, irin waɗannan sukan zo da wa'adi.

Daga yau ki ajiye littafi, sati biyu kina rubuta abin da ya faru da lokacinsa: murhu, kuɗi, faɗa, tashin dare. Mutanenmu in an tambaye su ya jiki sai su ce da sauƙi, ma'aikaci ya rubuta da sauƙi, shi ke nan an rufe fayil. Ranar tantancewa ki ba da labarin ranar da ta fi muni. In sun ƙi, ki ce a ba ki ƙin a rubuce tare da dalili, da shi ake ɗaukaka ƙara.

Wani magidanci:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma a gaya mata gaskiya, wurare da yawa abin a takarda ya tsaya. Shekara huɗu na yi jinyar mahaifina bayan ɓarin jikinsa ya shanye, na yi ta zarya ofis-ofis ban samu ko sisi ba. Abin da ya amfane ni biyu ne. Sashen walwala na cikin asibiti, wanda sai a shekara ta biyu na san da shi, su suka rage mana kuɗin magani suka haɗa mu da wata ƙungiyar iyalan majinyata. Sai zaman da na kira na 'yan'uwa, na rubuta kwanakin mako a takarda kowa ya ɗauki nasa. Kafin nan kowa cewa yake in kana buƙatar wani abu ka yi magana, kuma ba wanda ke zuwa. Ki bi hukuma, amma kada ki jira ta kafin ki tara danginsa.

Wata 'yar'uwa:

Ni dai ban ga dacewar kai miji wata cibiya ba yana da mata da 'ya'ya. Haƙuri za ki ƙara.

Wata uwa:

'Yata, da haka nake gani ni ma, sai da na yi shekara shida da mahaifiyata mai ciwon mantuwa. Na ƙi yarda kowa ya taɓa ta sai ni, har ranar da na yanke jiki na faɗi, aka kwantar da ni sati guda, ita kuma ta koma hannun waɗanda ba su san ko lokacin maganinta ba. Cibiyar wuni safe ake kai mutum a ɗauko shi da yamma, a gidansa yake kwana. Ga mai shekara 46 da ya saba fita aiki, samun inda zai je ya yi wani abu da hannunsa yana iya rage masa ƙunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na awannin jinyar masu ciwon mantuwa mata ne ke ɗauka, ta kuma fitar da darasi kyauta ga masu jinya mai suna iSupport. Don ciwon mantuwa aka yi shi, amma babin kula da kai da na canjin hali za su yi wa baiwar Allah nan amfani. Yaran ma a zaunar da su a yi musu bayani daidai hankalinsu, kada su ɗauka babansu ya daina son su.

Wani lauya:

A kan kuɗi, kada ki riƙa sa hannu a madadinsa ba da izini a rubuce ba, ko da da kyakkyawar niyya. In likita ya tabbatar yana fahimtar abin da yake sa wa hannu, yana iya ba ki takardar wakilci, banki kuma ya rage adadin da ake cirewa a rana. In ba ya fahimta, kotu ce ke naɗa wakili. A fara da mafi sauƙi, kada a ƙwace masa komai lokaci guda. Ofisoshin taimakon shari'a kyauta suna karɓar irin wannan.

Mai neman shawara:

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Jiya na koma asibitin, ashe ofishin walwalar yana nan kusa da inda nake biyan kuɗi, wata goma sha huɗu ina wuce shi. Sun ba mu ranar ganin likita nan da sati uku, sun ce in zo da littafin. Na kira yayansa da ƙanwarsa, za mu zauna ƙarshen mako. Anti, ranar gwajin, ana barin in shiga tare da shi ko a waje zan jira?

Ma'aikaciyar jinya:

Yawanci da ku biyu ake fara hira, gwajin kuma shi kaɗai yake yi. Ki nemi a sa muku da safe kafin ya gaji, ki tafi da tabaransa in yana sawa, da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu.