Auta ta je gidan marayu

Uwar Auta:
Sallama 'yan'uwa. Ga tawa, mai amsa ya amsa.

Hutun damina ya zo, Auta ta matsa mini,
"Mama, gidan marayun ƙauyen su Inna ki kai ni."
Shekarunta 12, ko tuwo ba ta iya ba,
Na ce je ki gani, na san ba za ki jure ba.
Da asuba ga ta a rijiya, guga a hannu,
Igiya ta saɓule tafin, ta koyi ja a sannu.
Ta dama koko, ta tsince wake, ta yanko ciyawa,
Da la'asar ta tara ƙanana a tabarma tana karantarwa.
Wani ɗan mai yoyon hanci ya riƙe bakin zanenta,
Duk inda ta juya yana nan, "Yaya" yake kiranta.
Ranar komawa ya ƙanƙame ƙafarta da kuka,
Sai da aka ɓamɓare shi muka shiga mota duka.
Ta ce, "Mama, kawunsa na zuwa ran kasuwa a mashin,
Me ya hana ya tafi da shi?" Ku taya ni da dalilin.

Tsoho Mai Sanda:
A zamaninmu uba in ya faɗi, baffa ne uba,
Ɗan wa da ɗan ƙane akushi ɗaya, ba a raba.
Goggo ta ɗau mace riƙo har ta kai ta ɗaki,
Ba gini mai allon suna, ba mai jiran kuɗin aiki.
Yau a kai ɗan ɗan'uwa a ajiye kamar kaya,
Ran Sallah a zo da shinkafa, a ɗau hoto a waya.

'Yar Barno:
Baba, Allah ya huci zuciyarka, ba kowa ne ya yasar ba,
Wani baffan yana sansani, shi kansa bai ci ba.
Mu mun ga abin da ya auka mana tun 2009,
Gari guda ya watse, wa ya rage ya riƙi yara?
Lauya Zannah Mustapha a Maiduguri ya kafa makaranta,
Marayun ɓangare biyu, benci ɗaya ya zaunta.
Kyautar Nansen ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta same shi a 2017,
Masu irin wannan zuciya, Baba, har yau akwai.

Malamin Zaure:
Ku duka kun faɗi, bari in ƙara ɗan gishiri.

Aya ta 9 a Walluha ta hana a danne maraya,
Manzo ya nuna yatsu biyu, ya yi wa mai riƙonsa bushara ɗaya.
Sai dai riƙo ciyarwa ne da sutura da jinya,
Mai leƙawa ya wuce, ladansa daban, ba ƙarya.
Aya ta 10 a Nisa'i kuwa, a karanta wa kawu,
Mai cin dukiyar maraya, wuta yake turawa a ciki, ba tuwo.

Mai Yawon Duniya:
Ruwanda tun 2012 ta ɗau wata hanya,
Ta fara rufe gidajen, yara su koma dangi gaba ɗaya.
Don da aka bincika, da yawa uwa na raye,
Talauci ya kai su can, kuɗin makaranta ya gagare.
Ni abin da ke cina, Hajiya, yaron nan ne,
Yayarsa ta yau ta tafi, ta gobe ma baƙuwa ce.

Uwar Auta:
Na karanta mata duka, ta yi tagumi ta ce,
"To Mama, mu koma, kar ya ɗauka na mance."
Ta fasa asusunta, takalmin roba ta saya masa,
Babanta ya ce duk wata sai mu je mu duba lafiyarsa.

Tsoho Mai Sanda:
Madalla da jikata, Allah ya raya ta,
Amma in kun je, Hajiya, kar ku tsaya a ƙofa da mota.
Ku biya gidan mai unguwa, ku gaisa, ku sha ruwan,
Ku tambaye shi wa ke noma gonar uban yaron nan.