Musayar Waƙa: Adowa da Kete, Rawar Asante

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum, ga baitin buɗe fili,
Kan rawar maƙwabtanmu na Kumasi, Tonawa.
Asabar a gidan makoki da Adowa aka saba,
Yanzu lasifika ke ruri, makaɗa na raguwa.
Gangunan Atumpan, mace da namiji, na magana da Tonanci,
Yara na jin amo, zancen kuwa na wucewa.

Inna ta Asawase:
Ɗana, kada ka yi wa mai rai kukan mutuwa,
Duk kwana 42 bikin Akwasidae na zagayowa.
Je ka fadar Manhyia ka ga Kete gaban Otumfuo, Sarkin Asante,
Ganguna cikin ja da baƙin ƙyalle suna amsawa.
Namiji ya tuɓe takalmi, ya sauke zane daga kafaɗa,
Kafin ya taka fili, ladabin bai gushe ba har yanzu kuwa.

Malamin Firamare:
Gafara dai Inna, gangar kam tana nan,
Amma Kete da uku ta zo: ganga, murya, sarewa.
Biyun ƙarshe sun yi wuyar ji tun da daɗewa,
Nketia masanin kiɗa, ɗan Mampong, ya sha rubutawa.
Shi da Opoku masanin rawa, a 1962 can jami'ar Legon,
Suka kafa ƙungiyar rawar ƙasa don adanawa.
Nketia ya rasu 2019, Allah ya sa a karanta,
Don dandamali daban, gaban gawa daban, ba haɗawa.

Inna ta Asawase:
Malam, nan ka taɓa inda ke mini ciwo.
Hannun mai Adowa baki ne, ba ado ba ne na burgewa.
Ta ɗora hannu a ka, ta ce babban rashi ya same ni,
Ta dafe ciki, ta ce zafin nan ba ya misaltuwa.
Mu ɗaga mata yatsu biyu, mun ji, mun yaba.
'Yan matan yau sun iya taku, hannun ne ba ya faɗawa.

Ɗan Aboabo:
Ga wata kuma: icen tweneboa na sassaƙa ganga
Masu katako sun sa dajinsa na ƙarewa.

Auta:
Yaya, donno da ke cikin kiɗan Adowa
Ɗan'uwan kalangunmu ne, daga arewa ya yi gangarowa.
Inna, maƙwabciyarmu tsohuwa ta san kowane hannu,
Ki roƙa mini ita, Asabar nan zan je koyowa.