Gumin wane ne a cikin sana'ar?

Mai Masana'anta: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Mutum ya kafa sana'a da guminsa, aure ya mutu, kotu ta ce a kawo a raba. A Amurka jihohi 9, har da Kalifoniya, suna ɗaukar kusan duk abin da aka samu bayan ɗaurin aure a matsayin na mata da miji. Wannan ai ƙwace ne. Masana, ta yaya mai ƙaramar sana'a zai kare kansa?

Barista: Alhaji, abin da ka shigo da shi auren naka ne. Rigimar tana kan bunƙasar da sana'ar ta yi daga baya. Ka sa a kimanta darajarta kafin aure, a rubuce. Ka raba asusun sana'a da na gida, don da zarar kuɗi sun cakuɗe, kai za a ce ka kawo shaidar wanne ne naka. Ka riƙa biyan kanka albashi daidai da aikinka, in ba haka ba za a ce haƙƙin gida ka zuba a jari.

Hajiya Akanta: Barista, ka tsallake kalmar da ta fi muhimmanci. "Guminsa" ya ce. Matar da ke riƙe littafin shige da fice ba albashi, ko ta riƙe gida da yara har ya samu sa'o'i 12 a wurin aiki, nata ruwa ne? Tun shekarar 2000 kotun ƙoli ta lokacin a Ingila ta ce ba a fifita mai nemo kuɗi a kan mai kula da gida.

Mai Masana'anta: Hajiya, gumi shi ne na wanda ya ci bashi da sunansa. In sana'ar ta karye, shi banki zai nema.

Hajiya Akanta: Ba ko'ina ba. A Afirka ta Kudu, in ba a yi yarjejeniya kafin aure ba, dukiya ɗaya ce, bashi ma ɗaya ne. Tana cikin asara, sai a riba ne za a ce ba ta yi gumi ba?

Ɗan Kasuwa: Ku bar zancen gumi. A yi wa sana'ar rajistar kamfani, shi ke nan.

Barista: A'a, ɗan'uwa, wannan kuskuren ya kayar da mutane da yawa. Rajista daga masu bin kamfani bashi take kare ka. Hannun jarinka kuwa dukiya ce, za a lissafa shi a rabo.

Ɗan Kasuwa: Ku lauyoyi kullum sai abin da zai sa a dawo ofishinku.

Barista: To, ga wanda zai ƙara ɓata maka rai: yarjejeniyar kafin aure tana son lauya biyu, kowa da nasa, kowa ya bayyana dukiyarsa da bashinsa ba ɓoye-ɓoye. A Kalifoniya sai an bar kwana 7 tsakanin miƙa takardar da sa hannu. Wadda aka sa wa hannu ana gobe biki, ita ce ta fi saurin rushewa.

Malam: A shari'ar Musulunci dukiyar miji daban, ta mata daban. Amma in ta zuba kuɗinta a sana'arsa, ko dai bashi ne ko tarayya, kuma aya ta 282 a Baƙara ta yi umarni a rubuta bashi.

Hajiya Akanta: Allah gafarta Malam, kuɗi ka ambata. Aikinta fa?

Malam: In ta yi aiki a sana'ar, a yanka mata lada.

Hajiya Akanta: To, ashe gumi ne.

Mai Masana'anta: Bari in tattara. Masana sun yarda sana'a ta mai kafa ta ce, kuma Malam ya tabbatar da cewa dukiyar miji tasa ce. A kimanta, a raba asusu, a yi yarjejeniya da wuri.

Hajiya Akanta: Alhaji, ka cire ladan da Malam ya ce a yanka mata. Ka mayar da shi.