Masoya BD (littattafan labari cikin zane) na Tawa kuna ina? Ina son mu haɗu ko sau ɗaya ne

Ɗan_Ader79:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Satin da ya wuce mun tahi gyaran ɗakin yayana, Allah ya jiƙan shi, sai na iske wata tsohuwar akwatin ƙarhe ƙarƙashin gado, da na buɗe ta wallahi sai da na zamna ƙasa. BD ne cike, su Kouakou da Calao da ƙananan nan masu shiga aljihu irin su Zembla da Blek da Akim, gara ta ci na ƙasa ƙasa amma guda 63 sun tsira lahiya lau, kowane da sunan marigayi da ya rubuta da bik ga bango. Ni da waɗannan na koyi karatun faransanci tun kahin in saba da littahin lakkwal. Lokacin muna CM1 akwai wani dattijo bakin kasuwa mai bada hayar su dala biyu yini guda, mu huɗu muke haɗa kuɗɗin mu zamna gindin bedi, wanda ya fi iya karatu ya karanta da ƙarhi ya maida ma sauran da Hausa, wanda bai iya ba ya bi hoto kuma shina gane komi.

Na ba ɗana mai shekara 11 guda biyu, kwana ukku bai tambayi wayata ba, jiya ma na iske shi yana kwaikwayon zanen cikin kayen shi. Shi ya sa tunani ya zo mani in tara masoyan BD nan Tawa ko na yini ɗaya ne cikin bakans. Waɗanda sunka san yadda ake irin wanga taro wasu wurare ku gaya mani, sai da manyan kuɗɗi da sponso? Sannan don Allah akwai wanda ya taɓa ganin BD da Hausa zalla, wadda ba ta wayar da kai ba?

Tsohon_Mushe_Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan yayanka ya sa ya huta. Abin da ka tsinta dukiya ce, kada ka yarda wani ya saye ta da kilo.

Kouakou an fara fitar da ita 1966, Paris ake buga ta da kuɗin hukumar haɗin gwiwar Faransa a rarraba ƙasashenmu masu faransanci, ta kai har 1998. Ni na yi aikin koyarwa cikin ƙauye kuma na ga aji guda yana jiran kwafi ɗaya, yaro baƙi kamar su shi ne gwarzon labari, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani. Su Blek da Akim kuwa asalinsu Italiya ne, fassara su aka yi, ga takarda mai araha baƙi da fari, shi ya sa sunka cika wurin masu shimfiɗa littattafai ƙasa nan Yamai. Amma in za ka nuna ma yara, ka zamna ka yi masu bayani, don Akim da Zembla duk farar fata ne da aka naɗa sarkin dajin Afirka, mu muna yara muna tafa masu ba mu lura ba. Haka Tintin na Hergé ɗan Beljik da ya fara 1929, ina son zanen mutumin ƙwarai amma wanda ya yi game da Kongo yadda ya zana baƙar fata har yau yana ɓata mani rai. Kada a ɓoye shi, a buɗe a tambayi yaran mi sunka gani.

Zancen taro, babban shi ne na Angoulême can Faransa, tun 1974. Aljeriya na da nata a birnin Alje tun 2008, Kodibuwa na da Cocobulles, Kamaru na da Mboa BD. Amma kai ba wannan kake bukata ba, kuma kana da abin da ba su da shi. Moustapha Alassane nan Tawa ya zamna shekaru masu yawa, mutumin da ya sa kwaɗi sunka yi motsi cikin Bon voyage Sim tun 1966, lokacin da fim ɗin zane bai zama komi ba a Afirka, ya je Kanada ya koyi aiki wurin Norman McLaren, gwanin fim ɗin zane, ya rasu 2015. Tun 2024 santir ɗin al'adu na Faransa da Nijar da muke ce ma CCFN nan Yamai sunan shi yake ɗauke da shi. Garin da ya riƙe irin wanga mutum a ce babu taron masu zane? Ka nemi dattawan da sunka yi hulɗa da shi su zo su ba yara labari, kyauta za su zo na tabbata.

Mai_Kireyon:
Yaya sannu da haƙuri. Ni tambayarka ta biyu ta fi taɓa ni don zane nike yi tun ina lise. BD da Hausa waɗanda sunka taɓa shigowa hannuna duk na projé ne, allurar polio, gidan sauro, kai ƴa mace lakkwal, suna da amfani ban musa ba amma yaro ba ya ɓoye su cikin riga ya karanta da tocila cikin dare. Labari muke so mai daɗi kawai. Ranar da na karanta Aya de Yopougon ta Marguerite Abouet da Clément Oubrerie, wadda ta fito 2005 ta ci kyautar littahin farko a Angoulême 2006, kwana na yi ban yi barci ba, ba yaƙi ba yunwa, ƴan matan unguwa ne da surutunsu da iyayensu da samarinsu, kuma da irin faransancin Abijan suke magana ba na Paris ba. Ƴan Kodibuwa na da jaridar Gbich, ƴan Senegal na da Goorgoorlou na T.T. Fons mai faɗi tashin neman na cefane har aka maida shi wasan tele. To mu mi ya hana? Ga ƴan kokowa, ga ƴan kabu kabu, ga Gizo da Ƙoƙi, ga hirar fada da ba ta ƙarewa sai an sha shayi na ukku.

Na gwada shafi 12 game da wata mai tallar fura, da Hausa cikin bul ɗin magana, kuma abin da na gano shi ne Hausa ta fi zama daidai cikin bul, kalma ɗaya irin "tirƙashi" ko "wayyo" ko "kash" ta gama aikin layi biyu. Matsalar da na samu wurin bugawa ce, mai injin ya canza mani rubutu duk ƙ da ɗ da ɓ sunka koma akwati akwati, jika takwas ta tahi a banza, tun ranar da hannu nike rubuta maganar sannan in yi sikan. In ka sa rana zan hau mota in zo da su in sha Allah. Shawarata ka aje tebur guda da ram ɗin takarda da kireyon, yaro ya ga an zana gaban idon shi ya fi mashi jawabin awa biyu.

Sani_Manga227:
Kawu ni nan Tawa nike kuma muna da yawa fa, kawai ba mu san juna da ku ba. Mu manga, wato BD na Japon, muke karantawa ga waya, One Piece da Naruto da Dragon Ball, ranar da Toriyama mai zanen Dragon Ball ya rasu 2024 duk status ɗin abokaina shi ne. Ana cewa karatun manga daga dama zuwa hagu na da wuya, mu da munka taso da allo ba mu ga wuya ba ko kaɗan. Roƙona kada taron ya zama na tuna baya kaɗai mu zamna muna kallonku, ku bar mana kusurwa guda mu kafa zanenmu, akwai wani abokina da ke zana ƴan kokowa salon manga in kun gani sai kun riƙe baki. Ni ban taɓa taɓa Kouakou da hannuna ba ma, ina son in gani.

Ɗan_Ader79:
Na gode Mushe, Allah ya ƙara girma, zancen Zembla ban taɓa kallon shi haka ba sai yau, na koma na duba kuma gaskiyarka. Malama Mai_Kireyon masauki na wuyana, uwargida za ta tarbe ki, ki zo da shafi 12 ɗin nan ko da fotokopi ne mu raba ma yara. Sani ɗana kusurwa taku ce, amma kai za ka tattaro mutanenka kuma ku zo da igiya da abin maƙala zane. Gobe zan tahi MJC, gidan matasa da al'adu, in tambayi ko za su ara mana ɗaki wata asabar, in bai samu ba tsakar gidanmu na ɗaukar tabarma goma. Littattafan da sunka fi tsufa zan sa su cikin leda a gani ba a taɓa ba, sauran kowa ya zamna ya karanta. Wanda ke da tsohon BD cikin akwati ko bango ya cire ya kawo shi hakanan.