Abin da aka faɗa wa ƙanena kan aikin nazarin tsarin kwamfuta a gwamnati

Ƙanena ya gama karatun kwamfuta a Jami'ar Ngaundere da ke Kamaru, yana son shiga aikin gwamnati, sai na kai shi majalisarmu ta bayan la'asar a Garwa, inda akwai tsofaffin ma'aikata biyu. Ga abin da na tsinta.

Malam babba ya fara da cewa mai nazarin tsarin bayanai ba mai gyaran firinta ba ne, ko da yake za a riƙa kiransa don haka. Aikinsa shi ne ya zauna kusa da akawu, ya ga yadda fayil ke tafiya daga tebur zuwa tebur, inda yake kwana, wa yake sa hannu, sannan ya rubuta abin da manhaja za ta yi. Ya ce: "Ɗana, in ba ka fahimci takardar ba, kwamfuta za ta ninka kuskuren ne kawai." Wannan maganar ta fi shiga raina, domin ni kaina albashina ya taɓa maƙalewa wata huɗu saboda lamba ɗaya da aka shigar ba daidai ba.

Kan matakai kuwa, ma'aikatan Kamaru rukuni huɗu ne, A, B, C da D, ana shiga ta jarrabawar gasa da MINFOPRA, wato ma'aikatar kula da ma'aikatan gwamnati, ke shiryawa. Shawararsu ita ce ya nemi rukunin A tun farko, don hawa daga B kan ɗauki shekaru.

Ɗayan ya ƙara da shawartar ƙanena ya karanta dokar tsaron intanet ta 2010, ya san aikin ANTIC, wato hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, kuma kada ya taɓa ba wani kalmar sirrinsa, ko shugabansa ne.