Neman kalma: kwaɗon da ke magana da ƙafa

Mai Shirin Yara: Assalamu alaikum malamai. Gobe da la'asar za mu ɗauki shirin kimiyya a rediyo, ga kalmar Turanci "foot-flagging" ta tsaya mini. Kwaɗin Staurois na tsibirin Borneo a bakin rafukan duwatsu suke zaune, inda ƙugin ruwa ke shanye kukansu. Sai namiji ya miƙa ƙafar baya sama, ya ware yatsu har fatar tsakaninsu mai haske ta fito, ya kewaya da ita, ya mayar. Me zan kira wannan?

Bazazzagi: Ɗaga ƙafa mana.

Malamar Sakandare: A'a Yaya. Mai sauraro zai ɗauka bashi ake bin kwaɗon aka ɗaga masa ƙafa. Kaɗa ƙafa kuma ta mai zaman jira ce. Ni dai ishara da ƙafa.

Ɗan Damagaram: Ishara Larabci ce, Malama. Muna da yafuto. A ce yafuton ƙafa, ko a dunƙule a ce ƙafanci, kamar Hausanci. Shekaru ina kira a riƙa ƙirƙira irin haka.

Malamar Sakandare: Malam, wanda ka yafuto cewa ka yi ya zo. Shi kuwa kwaɗon nan galibi ɗan'uwansa namiji yake yi wa, ma'ana nan wurina ne, ja baya. Bincike kan Staurois parvus a gidan namun dajin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ya nuna sinadarin mazantaka na ƙara yawan yinsa. Haka kwaɗin Micrixalus na tsaunukan yammacin Indiya, waɗanda aka bayyana sababbin nau'i 14 nasu a 2014: in gargaɗin bai yi ba har shuri suke kai wa abokin hamayya. Ina yafuto a nan?

Ɗan Damagaram: To ƙafanci fa? Ko don ba daga Kano ta fito ba? Duk kalmar da muka kawo daga Nijar sai an taka ta.

Bazazzagi: Allah ya ba ka haƙuri, babu ruwan Kano. Ko a kasuwar Damagaram ka ce ƙafanci sai an tambaye ka. Da sabon gini gara yaɓe. In kuma za a kori Larabci, a fara da littafi da alƙalami.

Ɗan Damagaram: Da haka harshe ke zama ɗan aro har abada.

Tsohon Mai Fassara: Ku dakata, 'ya'yana. Kun manta da inkiya? Alama ce da ake yi ba murya, ta kira ko ta kashedi. Kuma tana da faɗi: kwaɗon zinariya na Panama da ƙafar gaba yake yin tasa, kamar mai ɗaga hannu, ba shi ma da dodon kunne na waje. Wasu kuma kumbura maƙogwaronsu ake gani ko ba a ji sauti ba. Duk inkiya ce, ta ƙafa, ta hannu, ta maƙogwaro.

Mai Shirin Yara: Allah ya saka, Baba. Inkiyar ƙafa zan ce, sannan in kwatanta motsin yadda yara za su gane.

Ɗan Damagaram: A rediyo na yarda, tunda lokaci ya ƙure. Amma a rubuce ƙafanci zan ci gaba da sawa. Kuma waɗannan masu santsin fata ne, kwaɗo ɗaya za mu kira su da na bayan randa? Wannan ma ba mu gama ba.