Warin fumfuna ya kama tsofaffin katunan 'yan wasa, ya ake fitar da shi?

Mai_Tarin_Kati:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da katunan 'yan ƙwallo wajen ɗari biyu, yawanci na kamfanin Topps ne na shekarun 1970, sai wasu sitikokin kamfanin Panini da ba a liƙa ba. Sun daɗe cikin kwali a ɗaki mai laima. Hotunan lafiya lau, amma da an buɗe kwalin sai wari ya bugi hanci. Wani ya ce in shanya su a rana, wani ya ce in fesa musu turare. Wace hanya ce ba za ta ɓata katin ba?

Ma'adani:
Wa'alaikumus salam Malam. Don Allah kada ka bi ko ɗaya. Rana tana koɗar da launi, musamman ja da ruwan ɗorawa, kuma launin da ya koɗe ya tafi ke nan. Turare kuwa akwai mai a cikinsa, zai bar tabo, warin kuma yana nan a ƙarƙashi.

Ka fara gano ko fumfunar tana da rai. Ɗauki katunan ɗaya bayan ɗaya ka karkata su a gaban fitila. In ka ga wani abu fari ko toka-toka mai kamar gashi, wanda ke shafewa in an taɓa shi, tana raye. Irin waɗannan ka ware su, ka baje su a inuwa inda iska ke shiga har abin ya bushe ya koma gari, sannan ka kakkaɓe da buroshi mai laushi irin na masu zane, daga tsakiya zuwa gefe. A waje za ka yi, da takunkumi a hanci. Kada ka goge ta tana ɗanye, cusa ta za ka yi cikin takardar. Ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa da ake gani a tsohuwar takarda tabo ne da ya zauna, buroshi ba ya fitar da shi.

Tsohon kwalin ka jefar, rabin warin a jikinsa yake.

Alƙalin_Wasa:
Bayan abin da Malam Ma'adani ya faɗa, ka bar dukkan katunan a baje kwana biyu zuwa uku da fanka tana kaɗawa a hankali, ba ta fuskance su ba. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, su rufe kati da sauran danshi, fumfuna ta dawo.

Sannan ka nemi akwatin roba mai murfi da ke kamawa sosai, kamar mai lita 20. A ƙasa ka ajiye kwano buɗe da gawayin da aka sarrafa, irin wanda ake sa wa a matatar ruwan kifi, kimanin giram 200. Gawayin girki bai kai shi jan wari ba, ga baƙar ƙura. Ka ɗora raga ko tire mai huji a sama, ka jera katunan a kai kowanne daban. In an tara su kan juna, na sama kawai ke shan iska, don haka gara a yi su kashi-kashi. Rufe, ka buɗe bayan mako guda ka shinshina, ka juya su. Wari mara ƙarfi yakan tafi cikin mako biyu, wanda ya jiƙu a kwalin katin yakan kai wata guda ko fiye, kuma sai an canza gawayin a tsakani.

Bekin soda ma tana aiki, amma tana da sanyin hannu, kuma kada ta taɓa katin ko kaɗan. Garinta yana kankare sheƙin fuska, ya maƙale a gefuna.

Mai_Tarin_Kati:
Na gode ƙwarai. To 'yan ƙullin silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi fa, in zuba da yawa?

Ma'adani:
Silika danshi take sha, ba wari ba, kuma yawanta matsala ne. Fuskar katin mai sheƙi da bayansa ba sa bushewa daidai, shi ya sa in iska ta bushe ƙayau sai ya lanƙwashe. Ƙulli biyu ko uku sun isa akwati guda. Ka sa ƙaramin ma'aunin danshi a ciki, ka riƙe danshin tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Da ya haura 65 ya daɗe a nan, fumfuna za ta sake tashi.

Sitikokin Panini ka nisanta su da duk wani zafi, ko na'urar busar da gashi ko dutsen guga, domin gam ɗin bayansu zai lalace. Injin ozon da ake cire warin mota da shi ma ban yarda da shi ba a nan, yana raunana takarda ya dusar da tawada.

In warin ya tafi, kowane kati ya shiga ledarsa ta folifurofilin, wani nau'in roba da ba ya ɓata kati. Tsofaffin ledojin da aka yi da robar PVC ka guje su, suna fitar da maiƙo su manne da hoton. Idan akwai wanda kake son aika wa PSA, kamfanin da ke duba katuna ya ba su maki, don a tantance darajarsa, kada ruwa ko sinadari ya taɓa shi, domin katin da suka ga alamar an yi masa gyara ba sa ba shi maki.